Awaki Huɗu na Tudun Aduwa

Ranar Litinin da Zulaihatu Alamin ta fara sitaj, wato koyon aiki, a jaridar Fitilar Karkara, sau uku tana wuce ƙofar biron, wato ofishin jaridar, ba ta gane shi ba. Ita gini take nema mai allo a goshi da mota a gaba. Ashe shago ne guda a bayan tashar Tasawa, tsakanin mai cajin waya da mai sayar da dusa. Mai dusar ne ma ya nuna mata ƙofar da haɓa.

Shekara uku ta yi a Maradi tana karatun aikin jarida. An koya mata cewa ba a buga labari sai an ji shi daga bakin mutum biyu aƙalla, kuma sai an san wane ne ya faɗa, a ina, yaushe. Ta zo da sabon kaye na rubutu da alƙaluman bik biyu a jaka, ta sha gugar atamfa.

A ciki ta iske tebur biyu, fanka guda, da ordinatar, wato kwamfuta, da aka lulluɓe da tsumma. Mai jaridar, Mamudu Ɗan Malam, tsohon malamin lakkol ne da ya ajiye alli ya kama jarida. Yana zaune cikin kwat a zafin watan Oktoba, gumi na bin wuyansa.

"Ke ce ƴar sitaj ɗin da aka turo mana?"

"Ni ce, Mushe."

"Direktar ake cewa."

"Ni ce, Direktar."

"Madalla. To ƴata, duk abin da aka karanta miki a Maradi ki ninke shi ki mayar jaka. Nan aikin zamani muke yi. Nimerik. Jarida ta koma cikin waya, wanda bai gane haka ba an wuce shi."

Wannan kalma ta nimerik ba ya jera magana uku bai sako ta ba. Gaskiyar al'amarin kuwa, rabon Fitilar Karkara da fitowa a takarda shekara shida ke nan. Abin da ya saura shafi ne guda a Facebook da gurup goma sha ɗaya a WhatsApp. Ɗan jaridar gidan ma guda ne, Sirajo, mai kimanin shekara talatin da biyar, mai wayoyi uku. Shi ne wakilinsu na Korgom, shi ne na Hawandawaki, shi ne na Mayahi, kuma duk wannan wakilcin a ƙarƙashin fanka yake yin sa. Saƙon murya zai shigo, wanda suke kira vokal, ya kara waya a kunne, ya rubuta abin da ya ji, ya ɗora masa "DA ƊUMI-ƊUMI" da manyan baƙaƙe, ya nemo hoto a intanet ya liƙa. Shi ke nan an yi labari.

Kwana biyu na farko aikin Zulaihatu bai wuce gyara wa Sirajo kuskuren rubutu ba. Ta gyara, ta yi shiru. Ta ce wa kanta baƙuwa ce, ta bari tukuna ta ga kan gidan.

Ranar Laraba da hantsi wani vokal ya shigo. Muryar namiji ce, yana haki kamar wanda aka koro. Ya ce jama'a a yi hattara, an zuba guba a rijiyar Tudun Aduwa cikin yankin Issawane, dabbobi sun fi arba'in sun mutu, kuma makiyayan da suka sauko ne suka yi wannan aiki. Bai faɗi sunansa ba.

Kafin Zulaihatu ta gama sauraro, Sirajo ya gama rubutawa. Ta leƙa wayarsa. Hoton da ya samo na shanu ne a zube, kumburarru, bayansu wani ƙaton dutse mai kore shar.

"Yaya Sirajo, a Issawane akwai dutse irin wannan?"

"Wa zai tsaya kallon dutse? Shanun ake kallo."

"Wa ya aiko da maganar?"

"Daga gurup aka turo."

"Shi na gurup ɗin daga ina ya samo?"

Sirajo ya ɗago ya dube ta kamar ta tambaye shi adadin yashin gari. "Malama, in kika tsaya wannan tone-tonen, wasu su riga mu. Nan sauri ake yi." Ya danna, labari ya tafi.

Kafin la'asar mutum fiye da dubu uku sun tura shi gaba. Direktar ya kasa zama. Sai ya zagaya tebur ya dawo ya leƙa waya ya ce, "Kun gani? Har daga Agadas ana karanta mu. Har daga Libiya!" Daga nan ya juyo wajen Zulaihatu ya ce gobe ita za ta rubuta kashi na biyu, ya ma ba ta kan labarin: jama'a na cikin firgici.

"To Direktar, sai in je in gani."

"Ki je ina?"

"Tudun Aduwa."

Shi da Sirajo suka yi dariya har mai dusa ya leƙo. Da ya share hawaye ya ce, "Ƴata, jarida ba ta da esans ɗin zuba wa mota don yawon buɗe ido. In ƙafarki ke ƙaiƙayi, ga hanya nan."

Washegari da sassafe ta hau motar haya zuwa Mayahi. Daga can ta ɗauki kabu-kabu, suka yanki yashi. An gama girbi, gonaki duk kara a tsaye, babur na nutsewa suna sauka suna turawa. Ba su isa ba sai da rana ta take.

Abin da ta fara gani a bakin garin mata ne a jere, jarkoki a ka, suna tahowa daga gabas. Ta tambayi ɗaya daga ina. Matar ta ce daga tafki, tafiyar awa guda, ruwan ma duk laka ne, amma ya fi guba. Rijiyar garin kuwa tana nan tsakiyar fili, an tara mata ƙaya har ba a ganin bakinta.

Aka kai ta wajen Maigari, dattijo siriri yana zaune gindin aduwa da mutane biyar ko shida. Ta durƙusa ta gaishe shi, ta ce ita ƴar jarida ce daga Tasawa.

"Wace jaridar?"

Ta ji kamar ta ce wata daban. Sai dai ta ce, "Fitilar Karkara, ranka ya daɗe."

Maigari ya daɗe yana kallon ta kafin ya ce, "To ai ku kuka san labarin. Mu a wajenku muka ji."

Ta ce tana so ta ga inda aka binne dabbobi arba'in ɗin. Mutanen suka kalli juna. Wani ya ce shi dai bai gani da idonsa ba, amma an ce na unguwar yamma ne. Wani ɗan unguwar yamma ya ce a'a, su sun ɗauka na gabas ne. Da aka bi diddigi, aka tarar duk garin mutum guda ce ta yi asara, wata dattijuwa mai suna Habsatu. Aka raka Zulaihatu gidanta.

Ta iske ta tana sussukar gero a tsakar gida, ƙafa ɗaya a miƙe saboda ciwon gwiwa.

"Sannu da aiki, Inna. An ce awakinki sun mutu."

"Huɗu. Uku mata, ɗaya bunsuru. Allah ya mayar da alheri."

"Ruwan rijiya suka sha?"

"Wane ruwa? Gyauro suka ci. Ruwan nan da aka yi na ƙarshe ya sa dawar maƙwabcina ta sake tohowa bayan an yanke. Suka ɓalle shinge ranar Litinin suka afka. Ko yaro ya san gyauron dawa na kashe dabba. Malamin dabbobi ya zo daga Mayahi ranar Talata, ya farke cikin ɗaya, ga ganyen nan ɗanye shar."

"Ba ki faɗa wa mutane ba?"

Habsatu ta ajiye taɓarya. "Ƴar nan, na faɗa har bakina ya bushe. Jiya ɗana ya bugo mini daga Agadas, ya ce Inna ashe awaki arba'in aka kashe muku. Na ce ni ce mai awakin, huɗu ne. Ya ce Inna ba ki sani ba, a jarida aka buga."

Zulaihatu ta sunkuyar da kai tana rubutu.

"Ke da ciwon ƙafa, wa ke ɗebo miki ruwa daga tafki?"

Tsohuwar ta waiga, ta rage murya. "Wa zai ɗebo? Jiya da dare na je na ja ƙayar gefe na zura guga. Yau ma shi na sha. Ga ni nan, ban mutu ba."

Daga nan Zulaihatu ta ce a nuna mata wurin makiyayan. Suna bayan gari, nesa da gonaki. Babbansu Abdussalamu, dattijo mai farin gemu, yana tsaye jingine da sanda, shanunsa sun taru wuri guda suna kuka ƙasa-ƙasa. Ya ce mata shekara ashirin da biyu yana saukowa nan duk kaka. Shanunsa su ci kara a gonar Maigari, su bar masa taki, a ba shi gero, shi ya ba da nono. Ba a taɓa jin kansu ba. Jiya da la'asar samarin gari suka zo da sanduna da waya a hannu, suka nuna masa hoton shanu matattu, suka ce in ya sake kusantar rijiya ko tafki sai dai wani ba shi ba.

"Na dubi hoton," in ji shi. "Na ce musu waɗannan ba irin shanun ƙasarmu ba ne, ku dubi ƙahon. Suka ce in rufe baki."

"Baffa, tun jiya ba su sha ruwa ba?"

"Tun shekaranjiya da yamma. Maraƙi guda ya faɗi ɗazu."

Babu rezon waya a garin sai an hau tudun bayan masallaci. Can ta je ta kira malamin dabbobin, Abdul Razak, da lambar da Maigari ya ba ta. Da ya ji sunan jaridar, ya wanke ta tas. Ya ce tun jiya yake rubuta musu a ƙarƙashin labarin cewa ƙarya ne, ana goge maganarsa. Ya ce ba wanda ya kira shi, alhali lambarsa na manne a ƙofar bironsa. Ta bar shi ya gama, sannan ta ce, "Malam, duk abin da ka faɗa haka ne. Ina Tudun Aduwa yanzu. Ka yi mini vokal ka faɗi abin da ka gani a cikin akuyar." Ya ce ta ba shi minti biyar.

Bayan la'asar Maigari ya sa aka tara mutane a bakin rijiya. Zulaihatu ta ɗaga waya sama aka ji muryar Abdul Razak. Wasu suka gyaɗa kai, wasu suka ce ai ma'aikacin gwamnati ne, rufa-rufa zai yi. Ana cikin haka Habsatu ta ratso taron tana ɗingishi da gugarta. Ta ja ƙaya gefe, ta zura guga, ta jawo, ta kafa kai ta sha har ruwa na bin wuyanta. Ta goge baki ta ce, "Kwana biyu ke nan ina sha. Mai jiran gawata ya samu wuri ya zauna."

Aka fashe da dariya, irin dariyar jin kunya. Mata suka fara janye ƙayar.

Zulaihatu ta ɗauki muryar Habsatu da ta Maigari, ta haɗa da nata bayanin. Ta faɗi sunanta, ta ce jaridar da take wa aiki ce ta yaɗa labarin ba tare da bincike ba, kuma ƙarya ne. Ta hau tudu ta tura a gurup ɗin ƴan garin.

Maigari da kansa ya taka har wurin Abdussalamu ya ce ya kawo shanu su sha. Ya kawo su. Suka sha har rana ta yi ja. Amma da Maigari ya ce gobe ya shigo da su gona kamar kullum, dattijon ya girgiza kai.

"Na gode, Maigari. Yaran da suka ɗaga mini sanda, da nonon shanun nan aka yaye wasunsu. Gobe zan yi gaba."



Ta kwana a ɗakin Habsatu, ta koma Tasawa ranar Juma'a. Ranar Asabar ta ajiye wa Direktar labarinta a tebur, shafi biyu da hannu, da hotunan rijiyar da na gonar gyauron a waya. Ya karanta yana taɓe baki.

"Awaki huɗu? Kika yi kwana biyu a daji kika dawo mini da awaki huɗu? Wa zai tura wa wani labarin awaki huɗu?"

"Shi ne abin da ya faru, Direktar."

"Kuma har da cewa mu muka yi kuskure. Ƴata, jarida ba ta tsiraita kanta a kasuwa. Ki bar shi nan, mutane za su manta."

Da haka maganar za ta mutu, sai wayarsa ta yi ƙara. Ya duba lambar, ya miƙe tsaye, ya gyara kwat kamar mai kiran na ganin sa. Daga Mayahi ne, daga wajen hukuma. Zulaihatu ba ta jin abin da ake faɗa, sai amsarsa kawai: "Wi, wi... Haka ne, ranka ya daɗe... A'a, ai mu ma turo mana aka yi... Ai tuni na aika wakiliya ta musamman har can... Yau ɗin nan zai fito." Da ya kashe wayar, hankicinsa ya jiƙe sharkaf.

"Sirajo, goge wancan. Maza. Kawo takardar nan."

Cikin rabin awa labarin Zulaihatu ya fito. Kansa ya zama: "BINCIKE NA MUSAMMAN: FITILAR KARKARA TA TONA ASIRIN MASU YAƊA ƘARYA." An cire sakin layin da ta ce su ne suka fara yaɗawa, an sa a madadinsa cewa wasu marasa kishin ƙasa ne suka baza jita-jita a shafukan sada zumunta. A ƙasa aka rubuta: daga Mamudu Ɗan Malam.

Ta karanta sau biyu. Ta ce, "Direktar, ina sunana?"

"Labari mai nauyi irin wannan sunan ƴar sitaj ba ya ɗaukar sa. Kare ki nake yi."

"Su wane ne marasa kishin ƙasar?"

Sirajo ya sunkuya kan wayoyinsa. Direktar ya ce ta yi hankali da bakinta, takardar shaidar sitaj ɗinta a hannunsa take, kuma ba ta fita sai da sa hannunsa.

Mutum sittin da wani abu ne suka tura gyaran gaba. Har bayan sati biyu tana jin masu shayi a tasha suna labarin shanu arba'in da aka kashe a Issawane, wasu ma sun kai su ɗari.

Cikin watan Nuwamba wata ƙungiya ta shirya taron kwana uku a Maradi kan yaƙi da labaran ƙarya. Suka ga binciken na musamman, suka gayyaci Direktar ya zo ya koya wa matasan ƴan jarida yadda ake tantance labari. Ya kai kwat wanki da guga. Ya ce wa Zulaihatu ta rubuta masa jawabi, shafi huɗu, da Faransanci mai kyau.

"Ba zan rubuta ba, Direktar."

"Me kika ce?"

"In ka ga dama ka riƙe takardar. Jawabin dai ba zan rubuta ba."

Ya yi faɗa, ya ambaci tarbiyya, ya ambaci yaran zamani. Ƙarshe Sirajo ne ya kwafo masa jawabi daga intanet. Ya tafi ya dawo da jaka mai tambari da hoto yana riƙe da makirfo, aka liƙa hoton a bango. Takardar kuwa ya sa mata hannu da wata biyunta suka cika, don makarantar ta bugo tana tambaya, shi kuma yana son a turo masa wata ƴar sitaj ɗin baɗi. Ya rubuta a ciki cewa ta ƙaru ƙwarai a ƙarƙashin kulawarsa.

Abdul Razak ne ya yi mata hanya a wani ƙaramin gidan rediyon karkara a yankin Mayahi. Albashin ba abin faɗa ba ne, babur ɗin gidan ma sai an tura yake tashi. Aka ba ta shirin noma da kiwo na ranar Talata, tana zuwa ƙauyuka da makirfo tana dawowa da yashi har cikin kunne.

Da kaka ta zagayo, aiki ya sake kai ta Tudun Aduwa. Habsatu ta yi sabbin awaki biyu, ta ɗaure su da igiya mai kauri. Zulaihatu ta tambayi Maigari ko Abdussalamu ya sauko. Ya ce ya aika masa har sau biyu, an ce bana ta wajen Dakoro ya bi. Maigari ya nuna mata gonarsa da sanda, kara na nan tsaye ba abin da ya taɓa shi, ya ce in damina ta matso sai dai ya nemi amalanke a kwaso masa taki daga cikin gari.